Inshora ta ƙi biyan kuɗin horon ɗana mai otizim, alhali an ce akwai doka a Texas

"Assalamu alaikum. Ni 'yar Zariya ce, shekara shida ke nan muna zaune da maigidana a Houston ta jihar Texas. Ɗanmu na biyu yana da shekara uku da rabi, har yanzu ba ya magana sai 'yan kalmomi, in an kira sunansa ma ba ya waiwayowa. Watan jiya likita ta tabbatar yana da otizim, ta rubuta masa horon ABA, wato horon gyaran ɗabi'a, da koyon magana. Cibiyar da muka je sun ce awa 35 a mako yake buƙata, kuɗin da suka faɗa kuwa ko albashin maigidan gaba ɗaya ba zai biya ba. Mun tura wa inshorar wurin aikinsa, sai ga takarda wai tsarinmu bai ƙunshi ABA ba. Amma maƙwabciyata ta rantse min akwai dokar da ta tilasta musu su biya, nata ɗan ma ana biya masa, kuma sunan kamfani ɗaya ne a jikin katinmu. To wa ke da gaskiya? Surukata kuma ta matsa a kawo shi gida a yi masa na gargajiya. Don Allah a ba ni shawara."

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Sannu da ɗawainiya, Allah ya raya shi ya sa albarka. In na fahimce ki, tambaya uku ce kika dunƙule wuri guda: shin dokar nan akwai ta, in akwai ta me ya sa ta tsallake gidanku, sannan me za ku yi da takardar da ke hannunku. Ni ba lauya ba ce, ba kuma likita ba. Ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ce a wani asibitin yara a nan Texas, kuma rabin aikina fafatawa da kamfanonin inshora ne a madadin iyaye. Ban ga takardar taku ba, ban ga yaron ba, don haka abin da zan faɗa hanya ce ta gano amsa, ke za ki cike sauran da abin da ke rubuce a takardunku.

Maƙwabciyarki ba ta yi ƙarya ba. Mai yiwuwa ne kuma kamfanin ma bai karya dokar Texas ba. Abin ya yi kama da almara, amma bayaninsa ɗaya ne tak: sunan da ke jikin kati ba lallai shi ne mai biyan kuɗin ba. A kan wannan komai ya rataya, zan kuma daɗe a kansa. Sai dai bari mu fara da asalin dokar.

Yadda aka samo dokar

Shekara ashirin da suka wuce, kusan duk kamfanin inshora a Amurka yana cire otizim daga abin da yake biya, wato lalurar da kafafen labaranmu kan kira galahanga, duk da cewa kalmar ta kwashi lalurori da dama da ba su da alaƙa da juna. Hujjojinsu guda uku ne, har na haddace su don har yau sukan leƙo a wasu takardun. Su ce horon gwaji ne da ba a tabbatar da amfaninsa ba. Su ce ilimi ne ba magani ba, a je makaranta. Ta ukun ita ta fi ba ni haushi: wai suna biyan kuɗin dawo da abin da mutum ya rasa ne kawai. Dattijon da shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke wa magana za a biya masa mai koyar da magana, yaron da bai taɓa yin maganar ba kuwa babu ruwansu da shi, tunda bai rasa komai ba.

Indiana ce jihar farko da ta tilasta biya, a 2001. Amma wadda ta buɗe ƙofa sosai ita ce Carolina ta Kudu. Wata lauya mai suna Lorri Unumb, da ɗanta Ryan ke da lalurar, ta rubuta ƙudurin da kanta, ta tara iyaye suka yi ta zarya a majalisar dokokin jihar. Majalisa ta amince a 2007, Gwamna Mark Sanford ya hau kujerar na-ƙi, 'yan majalisa suka sake kaɗa ƙuri'a suka danne shi. Ana kiran dokar da sunan yaron. Daga nan jihohi suka yi ta bi ɗaya bayan ɗaya, Pennsylvania da Florida da Arizona a 2008, Massachusetts a 2010, Kaliforniya a 2011, har Tennessee ta cike ta hamsin a 2019.

Sai dai kowace jiha da irin cinikin da ta yi da kamfanoni kafin dokar ta wuce. Ta Carolina ta Kudu ta fara da iyakar dala 50,000 a shekara, kuma sai yaron da bai kai 16 ba. Florida ta sa dala 36,000 a shekara da 200,000 a tsawon rayuwa. Massachusetts ba ta sa iyakar shekaru ko ta kuɗi ba. Kamfanoni sun yi ta kururuwar cewa kuɗin inshorar kowa zai yi tashin gwauron zabi. Jihar Missouri ta riƙa bin diddigin abin kowace shekara, kuɗin otizim bai kai kashi 1 cikin 100 na duk abin da kamfanoni suka biya ba. Su ma masu murna ba su sami duk abin da suka zata ba. Binciken da David Mandell na Jami'ar Pennsylvania ya jagoranta a 2016 ya nuna yaran da ke samun kulawa ta inshora sun ƙaru da kusan kashi 10 cikin 100 a shekarar farko ta dokar, kusan 18 daga shekara ta uku, adadin da ya yi ƙasa ƙwarai da yawan masu lalurar. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce a ƙididdigar 2022 yaro ɗaya cikin 31 ne ke da otizim, alhali a 2000 ɗaya cikin 150 ne.

Dokarku ta Texas ta fara a 2007 da ƙananan yara kawai, aka faɗaɗa ta a 2009, aka sake faɗaɗawa a 2013. Yadda take yanzu, in an tabbatar da lalurar kafin yaro ya cika shekara 10, tsarin inshorar da dokar ta hau kansa dole ya biya kuɗin bincike, da ABA, da koyon magana, da horon ayyukan yau da kullum, da gashin ƙashi da motsa gaɓɓai, da magungunan da ke cikin shirin da likita ya rubuta. Daga shekara 10 zuwa sama ne aka yarje wa kamfani ya tsaya a dala 36,000 a shekara kan ABA. Ɗanki mai uku da rabi ya cika duk sharuɗɗan. Saura magana ɗaya: shin dokar ta hau kan tsarinku?

Wa ke biyan kuɗin a zahiri

Inshorar wurin aiki a Amurka iri biyu ce, ko da katin iri ɗaya ne. A na farko, ma'aikata tana biyan kamfanin inshora kuɗi duk wata, kamfanin ya ɗauki kasadar. In ma'aikata sun yi ta rashin lafiya, asarar kamfanin inshora ce. Wannan sayen inshora ne na gaske, kuma jiha ce ke sa masa ido. A na biyu, ma'aikatar ba ta sayi inshora ba sam. Asusunta ta ware, duk wanda ya je asibiti daga nan ake biya. Sai ta ɗauki hayar kamfanin inshora ya riƙa yi mata aikin takardu, ya ara mata jerin likitocinsa, ya buga mata kati da tambarinsa. Kamfanin a nan ɗan aike ne. Kamar yaron shago ne da ya ce miki ba a ba da bashi, ke kina ta yi masa faɗa, mai shagon kuwa yana can ciki.

A 1974 majalisar tarayya ta yi wata doka da ake kira ERISA, wadda asalinta don kare kuɗin fanshon ma'aikata aka yi ta. A cikinta aka ce jihohi na da ikon tsara harkar kamfanonin inshora, amma ba su da ikon ɗaukar asusun ma'aikata a matsayin kamfanin inshora. Saboda haka duk wata dokar jiha mai cewa dole a biya kaza, ta otizim ce ko ta wani abu, ba ta shiga irin na biyu. Kuma ba 'yan tsiraru ne a ciki ba. Sama da kashi 60 cikin 100 na ma'aikatan da ke da inshorar wurin aiki suna cikin irin wannan tsari, a manyan kamfanoni kuwa kusan shi ne al'ada. Abin mamakin shi ne, mai aiki a ƙaramin gareji yana iya samun kariyar da injiniyan babban kamfanin mai bai samu ba. Ina kyautata zaton abin da ya raba ki da maƙwabciyarki ke nan.

A Texas gane wannan yana da sauƙi. Ɗauko katin ki duba gaba da baya. In kin ga haruffan TDI ko DOI, tsarin yana ƙarƙashin hukumar inshora ta jihar, dokar ta hau kansa. In babu, mai yiwuwa asusun ma'aikata ne, ko kuma an sayi inshorar a wata jiha inda hedikwatar kamfanin take. Kada ki tsaya a kan kati kawai. Maigidan ya rubuta wa ofishin kula da ma'aikata na wurin aikinsu, ya tambaye su da kalmomin da suka sani, "self-funded" ne ko "fully insured". Na farkon shi ne asusun ma'aikata, na biyun shi ne sayen inshora. A rubuce nake so, ba ta waya ba. Na sha kiran lambar da ke bayan kati sau biyu a rana ɗaya in sami amsa biyu masu karo da juna, don masu ɗaukar wayar da yawa ba su san bambancin ba.

In ta tabbata sayen inshora ne a Texas, to takardar da aka aiko muku ba ta da ƙafar tsayawa. Ku ɗaukaka ƙara a cikin kamfanin, ku ambaci sashe na 1355.015 na kundin dokokin inshorar Texas, ku kai koke hukumar inshora ta jiha a lokaci guda. Kyauta ne, ta intanet ake yi. Irin wannan ba ya daɗewa.

In asusun ma'aikata ne

Nan ne iyaye da yawa kan sare, su ninke takarda su sa a durowa. Kuskure ne, don dokar jiha ce ta tsaya a bakin ƙofa, ta tarayya tana ciki.

A 2008 aka yi dokar daidaita lafiyar ƙwaƙwalwa da ta jiki, mai ɗauke da sunan sanatoci biyu, Paul Wellstone da Pete Domenici. Tana aiki a kan ma'aikatun da ke da ma'aikata sama da 50, har da masu biya daga asusunsu. Ki fahimci iyakarta da kyau: ba ta ce dole a biya kuɗin otizim ba. Cewa ta yi in tsari yana biyan wani abu na ɓangaren ƙwaƙwalwa da ɗabi'a, ba zai ɗora masa takunkumin da ya fi na ciwon jiki tsauri ba. To ga inda dabarar take. Tsarin da ya biya kuɗin likitar da ta gano otizim, yana biyan koyon magana saboda otizim, ya riga ya yarda lalurar tana cikin abin da yake ɗauka. In ya zo ya zare ABA shi kaɗai ya ce ban da wannan, sai a tambaye shi: wane babban magani na ciwon suga ko na asma ka zare haka? A 2021 wata kotun tarayya a Kaliforniya ta yanke cewa irin wannan zarewar ta saɓa wa dokar. Ma'aikatar ƙwadago ta tarayya ma ta sa tsare-tsare da dama sun goge wannan sharaɗi. Shi ya sa abu na farko da zan so in sani shi ne ko sun amince da koyon maganar da likita ta rubuta. Ba ki faɗa ba. In sun amince, kin sami makami.

Ga yadda nake bi da irin wannan a ofis. Maigidan, tunda shi ne mai tsarin, ya rubuta wa mai kula da tsarin ya nemi cikakken kundinsa, ba 'yar takardar taƙaitawa mai shafi takwas ba. Doka ta ba su kwana 30, in sun wuce kotu na iya cin su tarar da ta kai dala 110 a kowace rana. A wasiƙar ya nemi rubutaccen nazarin da suka yi na kwatanta wannan takunkumi da na ciwon jiki, wanda wata doka ta tilasta musu su tanada tun 2021. Sau da yawa wannan buƙatar kaɗai kan sa takardar ta bar teburin magatakarda ta hau na lauyan kamfani, shi kuwa ya san abin da ake nufi.

Sannan ki duba kwanan watan da ke kan takardar ƙin biyan. Kuna da kwana 180 ku ɗaukaka ƙara. Rubuta ranar a jikin firji. Wanda ya bari ta wuce, duk abin da zai yi daga baya ihu ne bayan hari. In horon da ba a fara ba ne ake nema, su kuma kwana 30 gare su su ba da amsa. A cikin ƙarar ki sa rahoton gano lalurar mai ɗauke da lambar F84.0, wato lambar otizim a takardun asibiti, da shirin horon da cibiya ta rubuta, da wasiƙar likita. Wasiƙar nan kada ta zama ta yabo da addu'a. Ta faɗi abin da yaro ba ya iyawa, da haɗarin da ke ciki: yana ficewa titi in an buɗe ƙofa, yana buga kansa, abinci uku kawai yake ci, ba ya iya nuna inda ke masa ciwo. Na san wannan yana da nauyi a wurinmu. Mun saba rufa wa ɗa asiri, in an tambaye mu mu ce lafiya lau, da sauƙi. Na taɓa zama da wata baiwar Allah 'yar Afirka ta Yamma da ta shaida wa mai tantancewa cewa ɗanta ba shi da matsala sai ɗan ƙiriniya, alhali ba ta yi barcin awa huɗu a jere ba cikin shekara guda. Abin da ta faɗa aka rubuta, aka yanke awannin. Sai da muka sake zama daga farko. A gaban mai tantancewa ranar da ta fi muni ake bayyanawa.

In sun sake ƙi, akwai bita ta waje, inda wasu likitoci da ba ma'aikatan kamfanin ba ke duba lamarin, kuma hukuncinsu dole kamfani ya bi. Wata huɗu ake da shi a nema, su yanke cikin kwana 45. An tanade ta ne don saɓanin da ya shafi hukuncin likita, kuma tambayar ko an bi dokar daidaitawa tana cikin abin da take dubawa, don haka ki tabbata kalmar daidaitawa ta fito a ƙararku tun ta farko. Akwai kuma wani sashe na ma'aikatar ƙwadago mai suna EBSA, da ke da masu ba da shawara kyauta, sukan kira ma'aikata da kansu.

Hanya ta ƙarshe ita ce wadda mazajenmu suka fi gudu, kuma ita na fi ganin ta yi aiki da sauri. Tunda kuɗin ma'aikata ne, ma'aikata na iya canza sharaɗin in ta ga dama. Sau da yawa ba mugunta ba ce, tsohon kundi ne aka yi ta sabuntawa shekara da shekaru ba wanda ya karanta shafin. Na ga uba ɗaya ya rubuta wasiƙa mai shafi guda ga shugabar sashen kula da ma'aikata, cikin ladabi, ya ce ga halin da ɗansa ke ciki, ya nuna cewa gwamnatin tarayya ma tun 2017 ta wajabta ABA a inshorar ma'aikatanta. Aka sa shi a tsarin shekara mai zuwa, shi kuma aka yi masa alfarma tun kafin lokacin. Na ga kuma inda aka ce a'a. Maigidanki zai iya jin tsoron kada a sa masa ido a wurin aiki, musamman in takardar zamansa tana rataye da aikin. ERISA ta haramta korar ma'aikaci ko tsangwamarsa don ya nemi haƙƙinsa na tsarin. Duk da haka shi ya san wurin aikinsa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kada ku zauna jiran ƙara

Wannan rigimar na iya cin wata uku zuwa shida, yaro kuwa girma yake. Tun da ya cika shekara uku, hukumar makarantun gwamnati ta unguwarku ke da alhakinsa a ƙarƙashin dokar tarayya ta ilimin yara masu buƙata ta musamman, ba ruwanta da inshora ko albashi. Rubuta wa daraktan ilimi na musamman na gundumar makarantunku ki nemi a tantance shi. A Texas kwana 15 na makaranta gare su su amsa, in kin sa hannu kuma kwana 45 na makaranta su kammala. In ya cancanta za a kira ki zaman da a nan ake ce wa ARD, a tsara masa aji da koyon magana, ko sisi ba za ki biya ba. Kina da ikon neman tafinta in kina so.

Akwai kuma saya wa yaron inshorarsa shi kaɗai a kasuwar inshora ta gwamnati, wadda ake buɗewa ranar 1 ga Nuwamba. A ƙarƙashin dokar lafiya ta 2010 ba a ƙin mutum don yana da lalura, ba a kuma ƙara masa kuɗi saboda ita. Iyaye da yawa a Texas da haka suka tsallake ramin ERISA. Kafin ki biya, ki tabbatar a rubuce tsarin yana ɗaukar ABA, kuma cibiyar da kike so tana cikin jerinsa. Ki yi lissafi da idon basira, don biya ba ya nufin kyauta. Akwai kuɗin wata-wata, akwai abin da za ku fara kashewa daga aljihu kafin inshora ta sa hannu. Abin da ke ceton mutane shi ne doka ta sa rufi a kan kuɗin aljihun, wanda a 2025 ya kasance dala 9,200 ga mutum ɗaya. Mai horo kullum yakan kai rufin cikin 'yan watanni, sauran shekarar inshora ke ɗauka. Saboda haka ki ɗauka kamar rufin shekarar da kuke ciki ne farashin shekara, ki ɗora kuɗin wata goma sha biyu a kai.

Medicaid ta Texas, wato inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi, ta fara biyan ABA a Fabrairun 2022, amma da albashi ake auna cancanta. Hukumar lafiya ta jiha tana da wani shirin otizim na yara 'yan shekara 3 zuwa 15, awanninsa kaɗan ne, ana biya gwargwadon samu. Sannan ki kira Harris Center, cibiyar da ke kula da masu irin wannan lalura a gundumarku, ki sa sunansa a jerin jiran shirye-shiryen tallafin Medicaid na masu lalura. Layin shekaru yake ɗauka, wasu sama da goma. Ki sa sunan yau ko da kina fatan ba zai buƙata ba. In akwai batun takardun zama a gidan, ku tambayi lauyan shige da fice kafin neman duk wani tallafin gwamnati, wannan ba fagena ba ne.

Maganar awa 35

Ba ki tambaye ni wannan ba, amma ba zan yi shiru ba. Adadin nan yana da tarihi. A 1987 Ivar Lovaas na Jami'ar Kaliforniya da ke Los Angeles ya buga sakamakon yara 19 da aka yi wa horon awa 40 a mako, ya ce 9 daga cikinsu sun shiga ajin kowa da kowa ba tare da taimako ba. Daga wannan ƙaramin bincike awa 40 ta zama kamar karatun da aka haddace. Binciken da ya biyo baya ya nuna horon yana taimaka wa yara da dama wajen magana da kula da kai, amma ba wanda ya maimaita wancan sakamakon yadda yake. A 2024 wani nazari da Micheal Sandbank ta jagoranta, wanda ya tattara bincike masu yawa, bai sami hujja mai ƙarfi cewa ƙarin awanni na kawo ƙarin ci gaba ba. Manya masu otizim da aka yi wa tsohon salon horon suna yara, da yawansu sun fito sun ce an koya musu biyayya da ɓoye halinsu ne, an bar su da tabo. Wasu iyayen kuma za su ce miki da shi ɗansu ya fara cewa ruwa. Na ga duka biyun da idona.

Ki kuma sani dokokin nan sun mai da ABA kasuwa. Da kuɗin inshora ya buɗe, manyan masu zuba jari suka saye cibiyoyi, cibiya kuwa da awa ake biyanta. Ba ina cewa taku haɗama ta sa ta faɗi 35 ba, akwai yaran da ke buƙatar hakan da gaske. Cewa nake ki tambaya. Me ya sa 35 ba 20 ba? Wane abu uku ake so ya iya nan da wata shida? Wanda zai zauna da shi kullum yawanci ƙaramin ma'aikaci ne da horonsa na farko awa 40 ne kacal, to sau nawa ƙwararriyar da ta rubuta shirin za ta zauna ta gani da idonta? Za a bar ki ki shiga ki kalla? In ya yi kuka ya ƙi, me suke yi? Cibiyar da ta hana uwa kallo, ni ba na tura kowa can. Kuma kada ABA ta cinye lokacin koyon magana. In an ce ku daina yi masa Hausa don kada ya rikice, kada ku yarda, binciken da aka yi kan yara masu otizim a gidajen harshe biyu bai nuna hakan na jinkirta su ba.

Batun surukarki Hajiya kuma, ki bi ta a hankali, ƙaunar jikanta ce ta sa take magana. Addu'a ba ta hana horo, horo bai hana addu'a ba, ki roƙe ta ta dage da ita daga can. Abin da ba zan goyi baya ba shi ne a ba shi jiƙo ko hayaƙin da ba a san abin da ke ciki ba, ko a ɗauke shi wata shida a daidai shekarun da harshe ke buɗewa. Otizim ba shi da maganin da ke warkar da shi a can ko a nan. Magunguna biyu da hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da su, risperidone a 2006 da aripiprazole a 2009, na rage tsananin fushi da cutar da kai ne kawai, kuma ba a yara masu shekarun ɗanki ake fara su ba. Wannan bayanin daga bakin ɗanta ya kamata Hajiya ta ji shi, ba daga naki ba. In an fara horon, ku riƙa tura mata ɗan bidiyonsa yana nuna kofi ko yana jan hannunki zuwa ƙofa. In kuma kun shirya kai shi ganin dangi, ku sanar da cibiya da makaranta a rubuce tun da wuri, don izinin biyan da inshora ke bayarwa yawanci na wata shida ne, doguwar tafiya ba sanarwa kan sa cibiya ta ba wani gurbinsa, ku dawo ku tarar da layi.